Layin Hausa a Jadawalin TOEFL

A daren da na yi rajistar jarrabawar TOEFL, na buɗe rahoton da hukumar ETS ta Amurka ke fitarwa duk shekara, wanda ke jera matsakaicin makin masu jarrabawa bisa harshen uwa. Makin ƙoli a lokacin 120 ne: 30 ga kowane ɗaya daga karatu, sauraro, magana da rubutu. Na gangara ina neman Hausa. Da na ga tazarar da ke tsakaninta da Jamusanci, sai gwiwata ta yi sanyi, kamar an yanke mini hukunci tun ban shiga ɗakin ba.

Sai daga baya na fahimci abin da layin yake aunawa. Wani ɓangaren tazarar na dangantakar harsuna ne. Turanci da Jamusanci 'yan gida ɗaya ne, Bajamushe yana tarar da kalmomi da yawa da ya riga ya san danginsu. Hausa kuwa daga dangin harsunan Cadi take, babu wannan gadon.

Amma babban abin shi ne su wane ne suka zauna jarrabawar. Ba al'umma aka tara aka gwada ba. Waɗanda suka iya biyan kuɗin, galibinsu masu neman fita karatu, su ne suka je, kowa kuma da kansa ya rubuta harshensa. A layin Hausa ɗaya za a iya haɗa ɗan Kano da ya yi boko da Turanci tun firamare, da ɗan Maraɗi da ya yi nasa da Faransanci. Matsakaicin makinsu bai siffanta ko ɗayansu ba. Ita kanta ETS tana gargaɗin cewa jera ƙasashe bisa waɗannan alƙaluman karkatar da su ne daga manufarsu.

Bana ƙanwata na shirin zama, ta turo mini hoton wannan jadawalin tana tambaya ko akwai amfanin ɓata kuɗi. Na ce ta rufe shi, ta nemo makin da jami'ar da take so ta gindaya, ta gwada kanta a sassan huɗu. Sauraro ne ya fi ba ta wuya, a kansa muke aiki kowace Asabar.