Daga Kongo Zuwa Kubanni

Idan kun shigo Tudun Wadan Zariya, ku tambayi Kongo. Nan ce haraba ta biyu ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, inda ake karatun shari'a da sha'anin mulki. Da hantsi muka zagaya ciki da wajenta, idonmu na kan shara.

Robar ruwa ba ta kwana a ƙasa. Yara ke tsince ta, a wanke, masu zoɓo da kunun aya su saya. Gwangwani da ƙarfe kuwa rabon baban bola ne, a sikeli ake auna masa.

Ledar fiyawata ce marainiya. Ba ta da nauyi, sai an tara buhu-buhu kafin ta yi kuɗi, shi ya sa ba a cika sunkuya mata ba. Iska ta jefa ta kwata, ruwan Agusta ya tura ta rafin Kubanni, daga nan sai kogin Galma, inda masu lambu ke ban ruwa. Wadda ta maƙale a hanya akuya ke haɗiyewa, ta yi ta rama, mai ita bai san dalili ba sai an yanka.