Saita Wutar Injin Tsohuwar Mota

Ƙarfin mota daga wuta yake fitowa. A cikin inji akwai waɗansu ramuka da ake kira silinda, kowanne da fistin a ciki, mai hawa da sauka. Fistin ya kan hau ya matse iska da tururin fetur, sa'an nan fulogi ya ƙyasta wuta, abin ya kama, ya ingiza fistin ƙasa. Wannan ingizawa ita ce ke juya ƙafafun mota.

To, ga abin mamaki. Ba a jira sai fistin ya kai ƙoli kana a ƙyasta, gama fetur ba ya ƙonewa nan take. Tun fistin yana kan hanya ake ba shi wuta, kamar yadda maharbi kan saki kibiya gaban barewa mai gudu, ba inda take ba. Da digiri ake auna wannan riga-kafi. A yawancin tsofaffin injuna digiri 5 zuwa 10 ne in mota tana tsaye tana aiki, ya kan kuma ƙaru in inji ya ɗauki sauri.

A motar Ford Model T, wadda aka fara yi a Amurka cikin 1908, direba ne da kansa ke gyara wannan da wani ɗan ƙarfe a gindin sitiyari. In ya manta bai ja wutar baya ba kafin ya murɗa hannun tayarwa, sai ƙarfen ya komo da ƙarfi, har ya kan karya hannun mutum. Daga baya aka bar aikin ga distiribita, watau abin da ke raba wa fulogogi wuta bi da bi. Motocin yanzu kuwa kwamfuta ce ke yi musu.

Amma tsofaffi irin su Peugeot 504, wadda aka harhaɗa da yawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe cikin 1975, sai da hannun makaniki. Wani direba yana da irinta, da ita yake ciyar da iyalinsa. Ta yi sanyi, tana shan mai, in ta zo hawan Jos sai nishi. Ya kai ta gareji, ya ce, "Maigida, a ƙara mata wuta sosai, duk an wuce ni a hanya."

Makaniki bai yi gardama ba. Ya bar injin ya yi ɗumi, ya haska fitila mai walƙiya a kan alamar da ke jikin fuli, ya ga lalle wutar tana makara. Ya sassauta noti, ya juya distiribita kaɗan, abin da bai kai kaurin ashana ba. Nan da nan muryar injin ta washe.

Direba ya ji daɗi, ya ce a ƙara. Makaniki ya ƙara, ya ce, "Malam, mu je tudu ka ji da kunnenka." Suka sa babbar giya, suka taka totur. Sai ga wata ƙara, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wuta ce ta yi gaggawa, tana bugun fistin tun bai gama hawa ba. In aka daɗe a haka inji ya kan yi zafi, fistin ya huje, kuɗin gyara kuwa ya cinye cinikin wata da watanni.

Suka tsaya a gefen hanya. Makaniki ya komar da distiribita baya kaɗan kaɗan har ƙarar ta ɓace, sa'an nan ya ɗaure noti. Ya gargaɗe shi kuma, in ya sha man da ba shi da kyau ƙarar tana iya komowa, to, kada ya yi lodi sai ya kawo ta an duba.