Yaron da ba ya amsa kira

A garuruwanmu, daga Babankatami har Buza, Keita da Madawa, akwai yaran da Allah ya halitta daban. Yaro ya kai shekara 6 ba ya magana. In ka kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali ba kurma ba ne. Ƙarar injin niƙa takan sa ya toshe kunne, ya yi ta ihu. Mutane su ce iskoki ne. Likitoci suna kiran abin otizim, a rediyo kuma akan ce galahanga. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayaninsa. Ba aikin mayu ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma ba a ɗauka.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. A ajin mata akwai wadda ke zuwa da ɗanta mai wannan lalura. Ta taɓa kai shi lakkol. Kwana 3 mushe ya maido shi, wai ya hana sauran yara karatu. Ni dai ban ga laifin mushen sosai ba. Shi kaɗai ne gaban yara fal cikin rumfar kara, kuma ba wanda ya taɓa gwada masa yadda ake yi da irin wannan yaro.

To, abin koyo ne, kamar yadda kunka koyi baƙi da wasali. Malamin da anka horar yana zaunar da yaron wuri guda kullum, nesa da hayaniya. Yana yi masa magana gajera: "Zauna." "Ɗauki allo." Yana zana kofin ruwa da makewayi, yaron ya nuna abin da yake so. Wankin hannu ma daki-daki ake koya shi, yau zuba ruwa, wani sati sabulu. In yaron ya fara ihu, malamin ya nemi dalili: yunwa ce, ƙara ce, ko ciwo? Bulala kam ƙara ɓata abin take yi. Kuma ya tambayi uwa, don ta fi kowa sanin ɗanta.

A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, har da haƙƙin karatu. A Tawa akwai makarantar horon malamai. Roƙona a ba wannan darasi wuri mai faɗi a can, a kuma kawo shi ga malaman ƙauye. Ku iyaye, ranar taron kwamitin lakkol ku tada maganar, ku sa a rubuta sunayen yaran nan lokacin ɗaukar sababbi.