Bashin da Ɗakin Karatu Yake Bin Mu

Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun daɗe muna jin wannan karin magana, amma ba mu san ɗacinta ba sai ranar da muka koma garinmu hutun Babbar Sallah, muka tarar da ɗakin karatu a garƙame, an jibge buhunan taki a inda kantocin littattafai suke a da.

Mu huɗu ne, kanmu ɗaya tun muna firamare, kuma a gindin darbejiyar da ke ƙofar wannan ɗaki muka yi wayo. Ginin ba wani babba ba ne: zaure ɗaya ne mai rufin kwano, da benci shida, da teburin Malam mai kula da shi. Dattawa sun shaida mana cewa yana cikin ɗakunan karatun da aka buɗe a garuruwan Arewa a ƙarƙashin En'e cikin shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin jama'a su riƙa samun labarin yadda ake fafatawa. Da aka rushe En'e a gyaran 1976, sai ya koma hannun ƙaramar hukuma. Mu dai a shekarun 1990 muka riske shi, ya tsufa, amma da sauran ƙarfinsa.

Mai karatu zai yi zaton wuri ne na shiru, inda ba a jin komai sai motsin takarda. Haka yake da hantsi. Amma da zarar an sallame La'asar, sai ya zama dandalin gari. Ran Alhamis, da yake babu makarantar allo, ta yara ce. Wata tsohuwa daga unguwar marina takan zo ta zauna a kan tabarma ta yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, Malam kuma ya bi da kacici-kacici, wanda ya ci a ba shi aron littafi na mako guda. Ran Juma'a bayan an sauko, sai dattawa su cika bencina, a ɗauko Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, a miƙa wa ɗayanmu ya karanta da ƙarfi. A nan muka koyi tsayawa gaban manya ba tare da murya ta yi rawa ba, domin kuwa in ka yi tuntuɓe da kalma, wanda bai san ko bihim ba a boko shi zai gyara maka, saboda Hausar a bakinsa take.

Bugu da ƙari, duk ƙarshen shekara Malam yakan shirya baje kolin sana'o'in gari. Alarammomi su kawo allunan zayyana, masu sassaƙar ƙwarya su kawo nasu, dukawa su jera jakunkuna da titimi, matan aure kuma su aiko da hulunan da suka ɗinka a hannun 'ya'yansu. Da dare a kunna fitilar aci-bal-bal a yi wasan kwaikwayo. Shekarar da muka yi Uwar Gulma, ɗayanmu ne ya ɗaura zane ya fito a matsayin mace, har kakarsa ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa. Da azumi ya kai goma kuwa, a wannan fili 'yan tashe suke gwaji kafin su shiga gari.

Ba a rasa saɓani ba. Lokacin da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wasu iyaye sun zo sun ce a fitar da su, don suna ɓata tarbiyya. Malam bai yi musu gardama ba. Sai ya sa rana, ya tara iyaye da matasa, aka yi muhawara tun daga La'asar har kiran Magariba. Ba a rabu da baki ɗaya ba, amma ranar muka fara ganin 'yan mata sun miƙe sun faɗi ra'ayinsu a bainar jama'a, kuma aka saurare su.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wani mahauci, dattijo, da ya shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a zauren da dare. Ɗansa yana aikin soja a Kudu, shi kuwa ya gaji da kai wasiƙarsa wurin mutane suna jin sirrin gidansa. Ranar da ya karanta wasiƙar da kansa, yana bin layi da yatsa, ya dubi Malam ya ce, "Malam, yau ka cire mini ƙaya." Washegari ya aiko da tsire, muka ci har muka bari.

To, a nan ne maganar ta dawo kanmu. Da muka tsaya a ƙofar nan, mun fara da zargin hukuma, kamar yadda aka saba. Can sai ɗayanmu ya yi shiru, sa'an nan ya ce Magana Jari Ce littafi na biyu, wanda ya ara tun muna sakandare, yana nan cikin akwatinsa. Wani ya ce Ruwan Bagaja yana wurinsa. Ashe duk cikinmu babu wanda bai riƙe littafi ba, kowanne da hatimin ɗakin a shafin farko. Haƙiƙa gara ta ci rabonta, ruwan sama ma ya ci nasa, amma mu ma da hannunmu a ciki. Malam ya rasu bai taɓa aiko mana da saƙon tuni ba.

Mun je mun gai da Hakimi, muka ce, "Ranka ya daɗe, mun zo biyan bashi." Ya yi murmushi, ya ce in dai za mu share, shi zai nemo mabuɗi. Mun mayar da littattafan nan huɗu, mun yi karo-karo mun sayi bandir ɗaya na kwano, wata malamar firamare kuma ta yarda za ta riƙa tara yara ran Alhamis. Mun sani yau wayar hannu ta ɗauke hankalin yara, kuma littafi huɗu ba sa cika kanta. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa muka kawo kukanmu ga 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu. Duk wanda ya san akwai littafi mai hatimi a cikin akwatinsa, to, hutu na zuwa, ya san inda zai kai shi.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah ya ba mu ikon sauke nauyi, amin.