Maganin hawan jini ba na kumburin ƙwaƙwalwa ba ne

Da yawa daga cikin malaman da muka haura shekara arba'in a nan Ɗan Issa muna shan amlodipine ko nifedipine saboda hawan jini, wanda muka fi kira tansiyo. Ni ma kowace safiya sai na haɗiyi ƙwaya ɗaya. Kwanan nan wata magana ta fara yawo a wayoyi, wai magungunan nan suna kashe kumburin ƙwaƙwalwa, suna kuma hana mantuwa. Har wani uba ya tambaye ni ko zai iya ɓallar wa ɗansa rabin ƙwaya idan zazzaɓi ya hau masa kai. Maganar tana da tushe, amma an kai ta inda ba ta kai ba.

A bangon jijiyoyin jini akwai tsoka, kuma ba ta matsewa sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinta ta wasu ƴan ƙofofi. Maganin yana toshe ƙofofin, jijiya ta saki, jini ya sauka. Irin waɗannan ƙofofi akwai su a ƙwaƙwalwa ma. Da masana suka gwada a kan ɓeraye, sun ga wasu daga cikin magungunan suna kwantar da maikurogiliya, wato ƙwayoyin da ke gadin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke jawo kumburi idan suka wuce gona da iri.

To, amma ɓera ba mutum ba ne. A Turai an gwada nilvadipine, ɗan gidan su amlodipine, a binciken da ya ƙunshi mutum 511 masu cutar mantuwa ta Alzheimer, tsawon wata 18. Sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna ya rage saurin cutar ba. A Amurka da Kanada an gwada isradipine shekara 3 a binciken mutum 336 masu cutar karkarwa ta Parkinson. Rahoton 2020 ya nuna shi ma bai tsayar da ita ba.

Abin da aka tabbatar shi ne, sauke hawan jini yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wannan kariya ta mai hawan jini ce, kuma sai ya sha maganin kullum. Wani abokin aikina ya daina sha da ya ji ciwon kai ya tafi. Yau hannun da yake riƙe alli da shi ba ya ɗagawa.

Ciwon da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaranmu kuwa mun san shi: sanƙarau a lokacin zafi da ƙura, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai da damina. Sanƙarau na buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta, zazzaɓin kuma allurar artesunate, kuma da gaggawa. Ƙwayar tansiyo ba ta taɓa ko ɗaya, sai dai ta faɗar da jinin yaron da ya riga ya galabaita.

Malamai da iyaye, idan yaro yana zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare, ko yana jijjiga, ko ya daina gane mutane, a kai shi likita nan take, ko da tsakar dare ne. Mu manya kuma mu riƙa zuwa awon jini. Idan yana kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai, ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa mana magani, ba mai talla a kasuwa ba. A kuma ajiye ƙwayoyin inda hannun yara ba ya kaiwa.