Curi Uku da Rabi

Asabar. Da sassafe muka ɗebo yumɓu a fadama, daro biyu. Inna ta ce na wuce kasko, randa zan gina. Wani manomin albasa daga Aliero ke son ta, mai cin jarka biyu.

Lahadi. Yumɓu ya kwana a jiƙe. Na daka tsingaro, na tankaɗe, muka zuba muka tattake da ƙafa har ya daina kama diddige.

Litinin. Na tambayi Inna nawa zan ɗiba. Ba ta taɓa aza yumɓu a sikeli ba. Ta dunƙula curi kamar kan jariri, ta ɗora mini a tafi, ta ce in riƙe nauyin a zuciya. Biyu na gindi da ciki, ɗaya na kafaɗa da baki, sai rabi a ajiye cikin jiƙaƙƙen buhu. Ta ce in gina ta fi yadda ake so da kaurin yatsa biyu, domin yumɓu na motsewa in ya bushe, ya ƙara motsewa a wuta, wajen kashi 1 cikin 10. Rabin nan sai na ga kamar ɓarna ce, na ba ƙanwata ta gina asusu.

Talata. Na kife tsohuwar randa, na shafa toka, na shimfiɗa yumɓu a bayanta ina bugawa. Gindin ya yi kauri don ina tsoron ya huje, ya ci mini cikin curin kafaɗa.

Laraba. Yumɓu ya ƙare ban kai baki ba. Na kwaɓa sabo cikin gaggawa, tsingaron kaɗan, na ɗora.

Alhamis. Hunturu ya buso cikin dare. Na iske tsaga ta zagaye kafaɗa, daidai inda sabo ya haɗu da tsoho. Inna ta bi ta da farce ta ce, "Ɗiyata, kwaɓi biyu kinka yi. Kowane da irin motsewa tai. Ina rabin da nic ce ki aje?" Ban iya amsawa ba. Abin ya yi mini zafi ƙwarai.

Juma'a. Mun fasa ta, mun jiƙa. Tun da ba ta shiga wuta ba, yumɓun bai mutu ba.

Asabar. Curi uku a faifai, rabi a buhu. Da na shimfiɗa gindi, na sa Inna ta matsa shi tsakanin yatsunta. Ta ce in rage.