Baƙon Yini Ɗaya a Gama

Kano ba ta da teku, amma tana da irin baƙon da jirgin ruwan yawon buɗe ido kan sauke a tsibiri: mai 'yan sa'o'i kaɗan da son ganin komai. Irinsa kan sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ya ya da zango wurin ɗan'uwa a Gama, gobe da asuba ya wuce.

Nan mai masauki kan shiga tunani: wa zai zagaya da shi?

Kowane mai adaidaita sahu ya san hanyar Kasuwar Kurmi da Gidan Makama. Ɗan cikin gari kuwa shi zai gaya wa baƙo cewa Kurmi ta kafu ne zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya san a hau Dutsen Dala da sanyin safiya, a je marinar Ƙofar Mata masu rini na kan aiki, a kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Gara wuri uku da mai bayani da wuri goma a guje. Mai masauki ya yi cinikin kuɗin jagora tun a Gama, ya kuma bar sarari saboda cunkoson yamma.